Motar Tsere ta Garwar Kananzir

Ni maƙerin fari ne, ɗan maƙerin fari. A Jega aka haife ni, a nan kuma na koyi sana'a, a rumfar mahaifinmu da ke gefen kasuwa. A zamaninsa azurfa da tagulla ake taɓawa, a yi zobba da mundaye. Da garwar kananzir ta shigo ƙasarmu sai aiki ya sauya. Garwa ɗaya, in ka fasa ta ka miƙar, za ta ba ka fitilu da mazurari da moɗa, har ka sami 'yan guntaye na faci. Lokacin da wannan abu ya faru mahaifinmu ya riga ya rasu, yayana ne ke riƙe da rumfa. Ni kuma ina da mata da ɗiya ɗaya, ban cika shekara talatin ba.

A shekarar ake yanka hanyar mota daga Jega zuwa Maiyama, ta wuce kudu. Kowane gari an sa masa mutanen da zai bayar, suna ɗaukar tsakuwa a kwando suna zubawa. Baturen da ke duba aikin ya sauka a wata bukkar bariki da aka yi masa a bayan garin Maiyama, yana da motar kaya guda ɗaya. Wata safiya direban motar ya zo rumfarmu a ƙasa, ƙafafunsa duk laka. Mutumin Zariya ne, gajere, mai yawan magana. Ya ce lagireto ya huje, wato tukunyar nan da ke goshin mota mai sanyaya ruwan inji, kuma an ce masa a Jega akwai masu like da dalma. Yayana ya dube ni, ya ce in ɗauki kaya in bi shi.

Kwana biyu na yi a Maiyama. Aikin bai yi wuya ba, hujin ne dai ya ɓuya a wani lungu da ƙarfen like ba ya kaiwa sai da dabara. Rana ta biyu, muna jiran a ɗebo ruwan gwaji, direba ya ce in shiga inuwar barandar bariki tunda Bature ya tafi wurin aiki. A nan na ga hoton. An jingine shi a kan akwati, cikin gilashi, bai fi tafin hannu biyu ba.

Mota ce, amma ba irin wadda nake gyarawa ba. Doguwa ce siririya, ƙasa-ƙasa, ba rufi, ba wurin kaya. Gabanta dogo, an ɗaure murfin inji da ɗamara biyu ta fata. Bayanta ya tsuke ya yi tsini kamar gindin kwalekwale. Bututu huɗu sun fito daga gefenta suka haɗe suka zama ɗaya, ya bi jikinta har baya. Ƙafafunta manya, da wayoyi sirara a ciki kamar saƙar gizo. Mutum biyu na zaune a matse, kowanne da hula da wani tabarau da ya rufe rabin fuska.

Na ce wa direba, "Wagga hwa, mi taka ɗauka?"

Ya yi dariya. "Ba ta ɗaukar komai, maƙeri. Motar tsere ce. A ƙasarsu jera su suke yi, a busa musu, kowa ya taka. Wanda ya riga isa shi ne gwani."

"Shi ke nan aikinta?"

"Shi ke nan."

Na daɗe tsugune a gabanta. Ba zan ce na san abin da ya kama ni ba. Na dai ga cewa duk wanda ya ƙera ta bai sa mata ko abu ɗaya da ba ta bukata ba, kuma hannuna ya fara yi mini ƙaiƙayi. Na zare zare daga gefen zanen da na naɗe kayan aiki, na auna tsayin ƙafar motar a hoton, na ƙulla. Daga nan na riƙa auna komai da ƙafar: tsawon motar ƙafa biyar da rabi ne, tsakanin ƙafar gaba da ta baya uku da rabi, tudun murfin inji daga ƙasa ɗaya da 'yan kai. Kowane awo da zarensa. Sannan na ɗauki ƙusa na zana siffarta a kan wani guntun garwa.

Ina cikin haka Bature ya dawo. Dogo ne, ramamme, rana ta ƙona masa wuya ya yi ja. Na miƙe da sauri na durƙusa na gaishe shi. Ya dubi zarurrukan da ke hannuna, ya yi wa direba magana da Turanci, direba ya ba shi amsa yana murmushi. Bature ya ɗaga kafaɗa, ya ce da 'yar Hausarsa, "To, duba, duba," ya shige ciki. Ni dai ban ce zan yi masa komai ba.

Da na koma Jega na zaɓi murfin gwangwanin taba ya zama ƙafar tawa motar. Da na lissafa sauran a kansa, sai motar ta fito kamu ɗaya saura kaɗan. Abu ɗaya hoton bai ba ni ba, faɗinta, don daga gefen hagu aka ɗauke shi, an ɗan karkato ta gaba. Ranar kasuwa direba ya zo sayen nama na tambaye shi. Ya ce ƙafar irin wannan mota ta kusa kai wa mutum ƙugu, wurin zama kuma daidai mutum biyu ne in sun matsu. Da ya tafi na ce wa yayana ya zo mu zauna a kan tabarma kafaɗa da kafaɗa. Ya zauna bai san dalili ba. Na sa kara na auna mu, na tsayar da karan a jikina, ya zo mini kusa da ƙugu. Ashe faɗin jikin motar ƙafa ɗaya ne.

Yayana ya ce, "Mi kaka awo?"

Na faɗa masa. Ya kalle ni ya ce, "Wa yas sa ka?"

"Ba kowa, Yaya."

"To wa za ya saye?"

Na ce ban yi tunanin wannan ba. Ya tashi ya koma bakin zuga-zugi. Can ya ce in dai ina so in yi wasan yara da gemuna, in bari sai bayan la'asar, in an gama aikin mutane. Haka muka yi. Daga la'asar zuwa magariba, kullum, ban da ranar kasuwa.

Da jiki na fara. Na sassaƙa siffar motar a guntun itace, na kankare shi ya yi sumul, sannan na riƙa ɗora farantin garwa ina bugawa da 'yar guduma har ya kwanta. Gaba bai ba ni wahala ba. Wutsiyar ce ta ƙi. Garwa ba ta son a lanƙwasa ta ta fuska biyu a lokaci ɗaya, sai ta tattare kamar fatar tsoho. Na ɓata guda uku. A na huɗu na yanka ta gida huɗu kamar ɓawon lemo, na buga kowane yanki daban, na haɗa da dalma daga ciki, na goge bakin haɗin da magagari har sai ka sa farce kafin ka ji shi.

A murfin inji akwai wasu tsage-tsage a jere, na shan iska. Na ƙidaya sha huɗu a hoton. Na wasa wata 'yar ƙusa ta zama kurfi, na ɗora farantin a kan dalma don kada ya yage, na buga su ɗaya bayan ɗaya. Na goma sha ɗaya ta karkace. Ba wanda zai lura, amma ni na gani, sai na sake murfin gaba ɗaya.

Lagireto kuwa na san shi ciki da waje, tunda na kwana biyu da hannuna a cikin na gaske. Na sami tagulla na buga ta ta yi fele-fele, na huda ta da allura layi-layi har ta yi kama da saƙar zuma. Bututun hayaƙi da kwanson harsashi na yi su. Direba ne ya tsinto mini a inda Bature ke harbin zabi. Na fasa su, na naɗe a jikin waya, na cika da rairayi kafin in lanƙwasa don kada su toshe. Tunda ban ga gefen dama ba, sai na ɗauka abin da ke hagu shi ke dama, kamar kunnen mutum. Na yi bututu huɗu nan, huɗu can.

Ƙafafu su suka ci mini wata guda. Wayar da ake ɗaure dilar kaya da ita a kanti ta yi kauri, don haka na ja ta ta cikin farantin huji, yadda mahaifinmu ya koya mana jan azurfa, daga babban huji zuwa ƙarami, har ta koma kamar gashin wutsiyar doki. Amma ban san yadda ake saƙa ta ba. Na yi ta farko wayoyin duk sun miƙe daga cibiya zuwa baki, da na danna da yatsa sai ta murɗe. A lokacin keke ɗaya ne na sani a Jega, na akawun kanti. Na je na roƙe shi in duba. Ya tsaya a kaina kamar zan gudu da shi. Na juya ƙafar a hankali, na ga wayoyin ba daga tsakiya suke fitowa ba, daga gefen cibiya suke tashi, wannan ta haye wannan, rabi daga dama rabi daga hagu. Na koma na yi haka. Ashirin da huɗu a kowace ƙafa, ƙafa huɗu da ɗaya ta ajiya. Idona ya riƙa ruwa, matata ta ce in na makance a kan abin wasa ita ba za ta ja ni ba.

Saura taya da kujera da ɗamara, duk aikin fata, ni kuwa ba baduku ba ne. Ƙanen mahaifiyata baduku ne a Aliero. Na naɗe motar a tsumma na sa a kwando, na bi 'yan kasuwa masu jakuna. Lokacin cirar albasa ne, tun kafin ka shiga gari warinta ke tare ka, ko'ina an baza ta tana shan iska.

Na tarar da kawu a zaurensa yana ɗinkin layu. Bayan mun gaisa ya tambayi mutanen gida ɗaya bayan ɗaya, na kwance tsumman na ajiye a gabansa. Ya duba, ya sake dubawa, ya tuntsire da dariya har ya share hawaye.

"Ɗana, tun daga Jega kat taho da wanga? Ni na ɗauka haihuwa anka yi."

Na ce, "Kawu, takalmi nika so a yi mata."

Ya ɗauke ta yana juyawa, dariyar tana raguwa. Ya sa babban yatsa ya murza ƙafa ɗaya, ta yi ta juyawa ba ta girgiza. Ya ce, "Kai kay yi wagga waya?" Na ce ni ne. Ya ture layun gefe.

Kwana uku na yi a wurinsa. Ya yanka fata siririya, ya naɗe ta a jikin igiya ta yi kamar tsiron kabewa, ya ɗinke ta ciki, ya rina da baƙin rini na dukawa, sannan ya ja ta a kan ƙafar tun tana da danshi. Da ta bushe ta kama ƙam. Ɗamarar murfin inji ya yi ta da jar fata, ni kuma na lanƙwasa waya na yi mata 'yan maɗauri masu harshe, waɗanda ake iya kwancewa da tsinke. A kan kujera muka yi gardama. Ni na ce a shimfiɗa fata kawai, don a hoton mutane sun rufe kujerun, ban ga komai ba. Shi ya ce ba mai hankalin da zai zauna a kan fata miƙaƙƙiya a abin da ke gudu, zamewa zai yi. Ya cusa auduga, ya yi ɗinki layi-layi kamar na sirdi. Na bar shi, don shi ne babba.

Ranar da zan tafi ya raka ni har bakin gari, abin da bai taɓa yi ba. Ya ce in an tambaya in ce fatar aikin Aliero ce.

Da na dawo sai na fara mutanen. Na yi su da kakin zuma, na lulluɓe da yumɓu, na zuba dalma. Sun fito da hulunansu da tabarau. Akwai wani malami da ke da makarantar allo a unguwarmu, yakan biyo ta rumfarmu in zai tafi masallaci. Ran nan ya tsaya ya ga ina goge ɗaya daga cikinsu.

Na ce, "Allah gafarta Malam, akwai laihi?"

Ya karɓi motar ya duba sosai, har ya leƙa ƙarƙashinta. Ya ce, "Wagga ba ta da rai, ba a kuma yi ta da siffar mai rai ba. Kamar ka yi ƙaramin kwalekwale na. Amma waɗanga biyu, ka bar su. Ba naka aiki ba na."

Ban yi musu ba. A gabansa na mayar da su cikin kasko suka narke. Na ji zafin aikin kwana shida, amma da na dubi motar sai na ga kujerun kawu sun fito fili, da sitiyarin da na yi da waya na naɗe da zare, har ta fi kyau a haka.

Hoton ba shi da launi. Na aika direba ya tambayi Bature, ya dawo ya ce shuɗiya ce, ya kuma kawo mini ragowar fentin motar kaya a gwangwani, kore. Na gwada a wutsiya. Fentin ya yi kauri, ya cike duk 'yan alamun ƙusa da na buga mata da tsinin allura. Na kankare shi tun bai bushe ba. Na goge ta da toka da tsamiya ta yi fari fat, na bar ta haka. Akwai kuma wata alama a gefenta, wadda direba ya ce lamba ce. A lokacin ban san boko ba, na dai kwaikwayi zanen da baƙin rini. Da na zo gefen dama sai na juya shi ya fuskanci gaba, don ya yi daidai da ɗan'uwansa.

Wata biyar ke nan da fara aikin. Direba ya ce lallai in kai wa Bature ya gani, don kullum yana tambaya ko maƙerin nan mai zare ya yi wani abu. Na tafi ranar wata Laraba. Aikin hanyar ya yi nisa a lokacin, amma bariki na nan a Maiyama. A bakin aiki na gamu da wani da na sani, manomi daga Jandutsi, yakan kawo mana gyaran moɗa. Kwandon tsakuwa na kansa, ya rame. Ya tambayi abin da na ɗauko, na buɗe masa. Ya duba, bai taɓa ba.

Ya ce, "Mu muna yi musu hanya, kai kana yi musu mota. To, Allah shi taimaka."

Ba da faɗa ya faɗa ba, amma maganar ta bi ni har bariki. Gonarsa na can ba mai sharewa, ni kuwa wata biyar ina zaune a inuwa ina huda tagulla da allura.

Bature na zaune a baranda yana cin abinci. Na ajiye motar a ƙasa, a kan daɓe, na ja da baya. Ya ajiye cokali. Ya sauko daga kujera ya durƙusa gwiwa biyu, sannan ya kwantar da kansa har kuncinsa ya kusa taɓa ƙasa, yana kallonta daga gaba. Kukunsa da masu ɗebo ruwa suka tsaya cak, don ba wanda ya taɓa ganin Bature a ƙasa haka. Ya tura ta da yatsa ɗaya, ta gangara ta tsaya a gindin ginshiƙi. Ya ɗauko ta. Ya kwance ɗamara ɗaya da farcensa, ya ɗaga murfin, ya ga ba komai a ciki, ya mayar ya ɗaure.

Da ya juya gefen dama sai ya fashe da dariya. Ya kira direba ya nuna masa lambar, shi ma ya kama ciki. Direba ya ce, "Maƙeri, ka rubuta ta a baibai. Lamba ba ta juyawa, ko ta ina ka zo iri ɗaya ce." Sannan Bature ya taɓa bututun dama ya girgiza kai. Ta bakin direba ya ce a wannan gefen ba bututu ko ɗaya. Abin da ke nan sanduna biyu ne a waje, na birki da na sauya gudu, daidai hannun mai tuƙi. A gaban kujerar hagu kuma akwai ɗan famfo da ake bugawa da hannu.

Na ce wa direba ya tambaye shi yadda ya san haka.

Bature ya ɗora yatsa a kujerar hagu, ya nuna ƙirjinsa. Sannan ya ɗora a ta dama, ya yi magana gajeriya. Direba ya daina dariya. Ya ce, "Wai shi ne na zaune a nan, yana buga famfo yana duba na baya. Mai tuƙin yayansa ne. Ya ce yayan ya tafi yaƙin da suka yi da Jamus, bai dawo ba."

Na yi masa ta'aziyya yadda muke yi. Ya gyaɗa kai. Ya shafa ɗinkin kujerar, ya ce wa direba haka take, layi-layi, ya tambaya wa ya gaya mini. Na ce ba wanda ya gaya mana, fatar aikin Aliero ce.

Daga nan ya faɗi abin da nake tsoro. Ya ce yana son ta, in bar ta nan.

A zamanin nan ba a ce wa Bature a'a. Ni kuma ban yi ta don in bayar ba. Na sunkuyar da kai na ce, "Ranka ya daɗe, ba ta ƙare ba." Gaskiya na faɗa, tunda ga kuskure uku ya nuna mini, amma ba ita kaɗai ce a raina ba. Direba ya harare ni kafin ya fassara. Bature ya tashi ya shiga ɗaki ya fito da takarda da fensir. Ya zana mini gefen dama, da famfon, da wasu agogo biyu da ke gaban mai tuƙi, har da injin da ke ƙarƙashin murfi. Hannunsa na da kyau a zane. Ya miƙo mini, ya ce, "Gama."

Da na ba yayana labari ransa ya ɓaci. Ya ce, "Bature yac ce ka aje, kac ce ba ta ƙare ba? In anka aiko dogari, kai ɗai za ka tahi." Kwana biyu ba ya yi mini magana sai ta aiki. A rana ta uku na tarar ya ajiye mini wani guntun jan ƙarfe na mahaifinmu a kan tabarmata. Ya ce, ba tare da ya dube ni ba, in za a yi injin a yi shi da abin kirki.

Gyaran ya ɗauki wata ɗaya da 'yan kwanaki. Na cire bututun dama na toshe gurbinsu, na yi sandunan biyu, na birkin har yana motsi. Na yi famfo da ƙaramin kwanso, agogon kuma da kan ƙusa. Injin na bi zanen ne kawai, ban san aikin ko ɗaya daga abubuwan da na ƙera ba. Da ta ƙare na riƙe ta kwana goma a ɗaki ban gaya wa kowa ba. Nakan fito da ita da hantsi in duba in mayar. Ba wanda ya aiko, ba dogari, ba direba. Wannan shirun ne ya sa na ɗauke ta da kaina. Da an zo an karɓe da ƙarfi, da na san ƙwace aka yi mini. Da ba a zo ba, sai na riƙa tuna yatsan nan a kan kujera, na ga cewa ni hoto na gani, shi kuwa a ciki ya zauna.

Na tarar ana ɗaure kayansa, za a matsa da bariki gaba. Ya buɗe murfin, ya ga injin jan ƙarfe. Sannan ya miƙo mini hannu irin gaisuwarsu, na karɓa ina ɗari-ɗari. Ya sa aka ɗauko akwatin kayan gyaran mota, ya zaɓi almakashin yankan ƙarfe da magagari uku sirara, ya ba ni. Ban taɓa riƙe almakashi irinsa ba. Ya naɗe motar da rigarsa ta ulu, ya sa a akwatin da hoton yake. Ganina da ita na ƙarshe ke nan. Shi ma ban sake ganinsa ba, an ce da aka gama hanyar aka mayar da shi wata ƙasa.

Ya ce wa direba ya kai ni gida. Duk wannan abu da ake yi ban taɓa shiga mota ba. Na hau gaba na zauna, na rungume kayana. Da muka fita gari muka hau sabuwar hanya, direba ya ce bari ya nuna mini kaɗan daga abin da ake nufi da tsere. Ya taka. Itatuwa suka riƙa zuwa suna wucewa, hulata ta tashi ban san inda ta faɗa ba. Na riƙe ƙofa da hannu biyu ina salati da ƙarfi, shi yana dariya yana cewa wannan ko rabin rabin gudun waccan bai kai ba. Na ce ya tsaya. Na sauka na yi amai a gindin wata kalgo, na zauna har ƙasa ta daina yawo.

Ya ce in hau mu ƙarasa, zai tafi a hankali. Na ce na gode, ya gaida gida. Sauran tafiyar a ƙasa na yi ta, ba hula, na isa bakin gulbi ana kiran la'asar, na jira masu fito suka ƙetare da ni.